Kawu Ilu da Alƙaliyarsa

Ku da kuka san Kawu Ilu na Tsafe, Allah Ya jiƙansa, ku faɗa mini tsakani da Allah: akwai wanda ya taɓa karɓar tsarabarsa cikakkiya? Babu! In alewa ce, za ka tarar an gutsuri gefe. In biskit ne, an riga an ɓare an cire ɗaya. In balan-balan ce, ta sha iska ta saki, ta yi laushi kamar tsohuwar safa. Ba rowa ba ce, ba kuma kwaɗayi ba ne. Gwaji ne. Dattijo da furfurarsa da babbar rigarsa, sai ka gan shi a tsakiyar kasuwa ya durƙusa yana tura motar roba a ƙasa, yana bin ta da rarrafe don ya ga ko tayoyin na juyawa. In mai kaya ya yi magana, sai ya ɗago kai ya ce, "Ni ba ni ba yaro abin da ban gwada ba. In ba ka so, riƙe kayanka."

Kuma in ya miƙo maka tsarabar, kada ka kuskura ka yi gaba da ledar. Zai tsaya da hannu a miƙe har ka juye, ya karɓi abarsa, ya kakkaɓe, ya ninke, ya sa aljihu. "Abin ciki naka, leda tawa." Akwai wata baƙar leda tasa da nake da yaƙinin ta girmi ɗana Bashir.

Yayan mahaifiyata ne, don haka ni kawuna ne, 'ya'yana kuma kakansu, amma da suka ji ina cewa Kawu sai su ma suka ɗauka. Sana'arsa hatsi. Yau yana kasuwar Mada, gobe yana Bunguɗu, a kan wani tsohon babur da ake jin tarinsa tun daga bakin titi. Duk inda ya nufa sai ya ratsa Gusau, in ya ratsa Gusau kuwa sai ya tsaya gidanmu a Damba ya sha ruwa. Allah bai ba shi haihuwa ba, kun sani. To, mu 'ya'yan ƙanwarsa mu ne nasa, namu kuma su ne abokan fitinarsa.

A lokacin 'ya'yana biyu, Bashir da ƙanwarsa Nafisa. Bashir ba shi da matsala. Ko murfin kwalba ka ba shi zai yi godiya, ya tafi ya mai da shi mota. Nafisa kuwa, wayyo ni Hadiza! Tun tana tatata, in ka miƙa mata abu ba hannunka take kallo ba, hannun Bashir take kallo. Kuma ba kuka take yi ba, da kuka ne ai da sauƙi. Juya abin za ta yi, ta duba sama, ta duba ƙasa, ta taɓe baki, ta yanke hukunci a taƙaice, ta ajiye maka abinka a gabanka. Shi ya sa Kawu ya raɗa mata Alƙaliya.

Ni da babansu mun daɗe da sallamawa. Kayan Sallah ma in za a ɗinka, sai na yi kwanaki gabana na faɗuwa. Rannan na yi wa Kawu ƙorafi, na ce yarinyar nan ta gagare mu, ya daina wahalar da kansa da tsarabarta.

Ya ajiye kofin ruwa ya ce, "Dije, ta gagare ku dai. A bar ni da ita. Ni da ita ne."

Daga ranar aka buɗe yaƙi.

Zuwansa na farko bayan wannan magana, ya kawo wa Bashir mota, ya kawo wa Nafisa 'yar tsana mai gashi har baya, har da 'yar rigarta. Ta karɓa, ta tsayar da ita a ƙasa, ta ɗan tura ta da yatsa. 'Yar tsana ta kifa. Ta dubi motar Bashir da ke gudu a kan siminti, ta ce, "Tawa ba ta tafiya." Ta miƙa wa Kawu abarsa.

Kawu ya gyaɗa kai kamar wanda aka yi wa bayanin ilimi. "Awo. Laihina ne. Na kawo abu biyu daban."

Mako na zagayowa sai ga shi da usur guda biyu, iri ɗaya, launi ɗaya, har igiyar wuyansu ɗaya. Ya ɗora su a tafin hannu ya ce Alƙaliya ta fara zaɓa. Ta zaɓa. Bashir ya ɗauki ɗayan ya hura, firrr! Ta hura nata, firrr! Ta cire daga baki ta ce, "Nasa ya fi ƙara."

Na ce, "Ke! Don Allah rufe mana baki, abu iri ɗaya ne."

Kawu ya ɗaga mini hannu. "A'a, Dije. Ba a hana mai ƙara magana. A bincika."

Ya karɓe usur ɗin duka biyu, ya tsaya a tsakar gida, ya rufe ido, ya karkata kunne. Ya hura wannan, ya hura wancan. Ya koma ya hura wancan, ya hura wannan. Ya tafi bakin rijiya ya hura, ya dawo ƙofar kicin ya hura. Kajina suka watse, wata ta haye katanga. Maƙwabcinmu ya faɗo zaure da gora a hannu yana tambaya ina ɓarawon yake. Kawu bai ko dube shi ba sai da ya gama. Sannan ya buɗe ido ya ce, "Wallahi yarinyar ga ta yi gaskiya. Nashi ya ɗan fi."

Ya sa aka yi musaya. Bashir ya miƙa nasa. Nafisa ta karɓa da yatsu biyu, ta ɗaga shi sama ta duba bakinsa, ta ce, "Wannan duk miyau ne."

Bashir ya ce, "Ai na Kawu ne, ba nawa ba."

Ranar Kawu ko fura bai tsaya sha ba.

Sai kuma zancen rake. Ya taso daga Bunguɗu da wata doguwar sandar rake ɗaure a bayan babur, tana ta jan ƙasa. Yara suka yi tsalle. Na ɗauko wuƙa zan raba biyu, ya ce in dakata. Ya san in an sare a tsakiya, wanda ya samu gindi ya samu zaƙi, wanda ya samu kai ya samu salam, kuma ya san wadda za ta shigar da ƙara. Sai ya shimfiɗe raken a kan tabarma, ya zauna, ya soma tsaga shi a tsaye, daga kai har gindi, yana bubbuga bayan wuƙar da taɓarya. Kun taɓa ganin an tsaga rake a tsaye? To, ni na gani. Gumi har gemu. Da ya gama ya jera ɓari biyun gefe da gefe, kowanne da gindinsa, kowanne da kansa, gaɓa daidai da gaɓa.

Ya ce, "To, Alƙaliya, bismilla. In kin samu aibu yau, in ba ki babur ɗina."

Ta tsugunna ta daɗe tana dubawa. Har na fara murna a raina. Can ta ɗora yatsa a kan nata ta ce, "Nawa ne gefen da ya ja ƙasa."

Ya ɗauka ya duba. Da gaske kuwa akwai ɗan gurzuwa a can ƙarshe. Ya ajiye a hankali, ya ce, "Zancen babur dai wasa nika yi."

Daga nan sai Kawu ya ce ƙarfi ya ƙare, saura dabara. Wata rana ya zo da ledarsa a kumbure, amma bai buɗe ba. Ya yafuto Bashir suka fita bayan gida, suka daɗe suna ƙus-ƙus. Bashir ya dawo bakinsa da maiƙo yana ƙamshin tsire, na san an sayi yaro. Daga baya shi Bashir ɗin ya ba ni labarin abin da aka ƙulla. Kawu ya ce masa, "Ka ga, wagga ƙanwa taka abin hannunka taka so. To, yau zan ba ka jakar mata, in ba ta ƙwallo. Kai ka riƙe jakar ga kamar ranka, ka yi ta murna. Tana gani za ta yar da ƙwallo ta ce jaka. Sai ku yi musaya. Kai ka samu ƙwallonka, ita ta samu jakarta, ni in samu lahiya."

Aka shigo tsakar gida aka buɗe leda. Ga wata 'yar jakar hannu ruwan hoda, sai ƙyalli take, ga ƙwallo sabuwa, ban da ɗan ƙurar da ta kwasa wurin gwaji. Kawu ya miƙa wa Bashir jaka, ya miƙa wa Nafisa ƙwallo, ya koma gefe yana kallon sama kamar ba ruwansa.

Bashir ya rataya jaka a kafaɗa, ya soma aikin da aka biya shi. "Kai! Wannan jaka! Kai, Kawu, na gode! Dubi zif ɗinta!" Yana tafiya yana rangaji daga ƙofar ɗaki zuwa rijiya.

Nafisa ta dubi ƙwallo. Ta dubi jaka. Ta dubi Kawu, ta daɗe tana kallonsa. Sai ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Na gode, Kawu. Allah Ya ƙara arziki."

Jama'a, tunda na haifi yarinyar nan ban taɓa jin wannan magana daga bakinta ba. Kawu ya saki baki, goron da yake tauna har ana gani. Kafin ya farfaɗo ta rungumi ƙwallonta, ta ruga ƙofar gida, ta ɗaga murya iya ƙarfinta: "Ku zo ku ga Bashir da jakar mata!"

Kafin ka ce me, yaran layinmu sun cika zaure. Bashir ya tsaya tsakiyar gida da jaka a kafaɗa, ya rasa inda zai sa kansa. Ya fizge ta ya yi jifa da ita, ya fashe da kuka. "Kawu, ba kai ka ce za ta karɓa ba? Kai ka ce!"

Kawu sai tari ya kama shi.

Ita kuwa ba buga ƙwallon ta yi ba. Zama ta yi a kai. A kai ta ci tuwon rana, a kai ta yi lallen 'yar tsanar maƙwabta, in za ta shiga ɗaki ta ɗauka ta shiga da ita. Kawu ya cire hula ya sosa ƙeya, ya ce mini, "Dije, wagga ɗiya taki ba alƙaliya ce kaɗai ba. Da lauya da ɗan sanda duk suna cikinta."

Jakar fa? Ya tsince ta, ya goge da hannun riga, ya ja zif ɗin sama da ƙasa, ya ce ba a asarar abu mai lafiyayyen zif. Ku da kuka riƙa ganinsa a kasuwar Mada yana zaro goro daga wata 'yar jaka ruwan hoda, kuka kasa tambaya don kunya, to yau kun ji tarihinta.

Wani da ya sha wannan kaye ai sai ya haƙura. Ban da Kawu Ilu. Ana saura kwanaki Sallah ƙarama ta shekarar, ya zo da hantsi ya ce in shirya masa Alƙaliya, kasuwa za su. "Yau ita za ta zaɓa da hannunta. In ta ƙi abin da ta zaɓa, sai ta kai kanta ƙara."

Ya ɗora ta a gaban babur, suka nufi Sabon Gari, shagon wani mai kayan yara da ya san babansu. Shi mai shagon ne ya ba mu rabin labarin, yana yi yana share hawayen dariya, Kawu ya cika sauran.

An fito mata da takalma masu fitila a dunduniya. Kawu ya sa hannu a ciki ya buga a kan benci, fitila ta kama. Ta ce a'a. An fito da agogon roba. Ya kara a kunne, ya jijjiga. Ta ce a'a. An fito da ɗan kunne, da abin wuya, da gorar ruwa ta makaranta, da tabarau. Tabarau ɗin ma sai da ya maƙala a fuskarsa ya leƙa waje ya ga ko suna tare rana. Duk ta ce a'a.

Ya ce, "To mi kika so, Alƙaliya? Ga shago gaba ɗaya."

Ta ce, "Me za ka saya wa Bashir?"

"Ba ruwanki da Bashir. Yau ranarki ce."

"To ta yaya zan san nawa ya fi?"

Mai shago ya ce a nan ya shige bayan kanta ya toshe baki.

Kawu ya tattara babbar riga ya zauna a kan benci. "Ba mu tashi nan sai kin zaɓa." Ita ma ta samu wani kwali ta zauna, ta harɗe hannu. Shi yana kallonta, ita tana kallon titi. Masu saye suna shigowa suna raɓa su. Rana ta take. Aka yi kiran azahar. Mai shago yana son ya rufe ya tafi masallaci, ga dattijo a bencinsa, ga yarinya a kan kwalinsa, ba mai niyyar motsi.

Ya ce, "Baba, don girman Allah ku ɗauki ko mene ne, na ba ta kyauta."

Kawu ya ce, "Ba kyauta munka zo nema ba, yaro. Hukunci muka jira."

Ana cikin haka sai wata 'yar kyanwa ta fito daga ƙarƙashin kanta, 'yar mitsitsiya, fara da baƙi, tana miƙa. Nafisa ta nuna ta da yatsa. "Waccan."

Mai shago ya ce ai ba ta sayarwa ba ce, amma in dai za su tashi, ya yafe ta duniya da lahira. Kawu ya ce a dakata, ba a gwada ba. "Tana kamun ɓera?"

"Baba, ko yaye ba a gama yi mata ba."

Ya ɗaga ta da hannu biyu ya kawo ta daidai fuskarsa, yana duba idonta da haƙoranta kamar mai sayen saniya. Kyanwa ta kai masa yakushi a kan hanci. Ya shafa wurin, ya dubi jinin a yatsa, ya ce, "Tana aiki. Mun ɗauka."

A cikin hularsa aka kawo ta gida, shi kuma kansa a buɗe, hanci da zane, yana tafe yana washe baki. Ya ce mini, "Dije, rubuta ki aje, yau na ci nasara."

Nasarar ta kwana biyu. Kyanwar nan tana sabawa da gida ta zaɓi Bashir. Inda ya zauna nan take kwanciya, in ya tashi ta bi shi, in ya tafi makaranta ta jira shi a zaure. Nafisa ta ba ta madara, ta ba ta kifi, ta ɗaura mata ƙyalle a wuya. Ta cinye ta koma wurin Bashir. Da Kawu ya dawo, tun bai kashe babur ba Alƙaliya ta tare shi da kyanwa a hannu.

"Kawu, a mayar da ita. Ta lalace."

Haka aka yi ta yi, shekara da shekaru. Mu dai 'yan kallo ne.

Sai wata damina zazzaɓi ya kama Bashir. Mun ɗauka na kwana biyu ne, sai abu ya yi tsanani, har ya fara fizge-fizge, ido ya juye. Aka kwantar da shi a asibiti nan Gusau, aka yi ƙarin ruwa, aka yi ƙarin jini. Ni ina gefen gadonsa, babansu yana ta safa da marwa. Nafisa muka bar ta gida da gwaggonta, ƙanwar babansu. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya, ga shi kwance ko sunansa ka kira sai dai ya motsa leɓe. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba.

Kawu ya zo daga Tsafe cikin ruwan sama, rigarsa sharkaf. Ya tsaya a kan yaron, ya dafa goshinsa, ya yi addu'a a hankali. Bai yi wasa ko ɗaya ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya juya ya fita.

Ashe kasuwa ya nufa. Akwai wani ƙaramin keke da yaran nan biyu suka daɗe suna nacin a saya musu, muna ce musu sai an kwana biyu. Kawu ya samo na hannu mai kyau, ja, da ƙararrawarsa. Kada ku tambaye ni ko ya gwada. Waɗanda suka ga dattijo a kan keken yara, gwiwoyinsa har kunne, yana zagaya rumfar masu gyara, suna nan da ransu.

Ya kai shi Damba. Shi da bakinsa ya gaya mini abin da ke ransa. Ya ce ya tuna yarinya tana gida ita kaɗai ba uwa ba uba, ya ce bari ya faranta mata. "Kuma ba ni ɓoye miki, Dije, na ce yau dai babu hannun da za ta kalla. Yau ko ta ƙi ko ta so, na kama ta."

Gwaggonta ta ce Nafisa ta fito daga ɗaki a hankali, don kwanakin nan ko abinci ba ta ci sosai. Ta zagaya keken. Ta shafa sirdin. Ta taɓa ƙararrawar, ta yi ƙara, ta yi sauri ta riƙe ta. Kawu yana tsaye ko numfashi ba ya yi.

Ta ce, "Ina na Bashir?"

"Babu na Bashir. Naki ne, ke ɗaya."

"Shi ba a saya masa komai ba?"

"Ko tsinke."

Ta riƙa murza hannun keken. Can ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Kawu, Bashir zai mutu?"

Ya ce, "Wa yac ce miki haka? Ba shi mutuwa, in Allah Ya yarda. Yana nan dawowa."

"To a kai masa. A ajiye inda zai gani."

"Ke hwa?"

Ta ɗago kai, ido ya cika da hawaye, amma bakin nan a taɓe kamar kullum. "In ya warke zan ƙwace."

Ina zaune gefen gado sai na ji hayaniya a baranda. Ma'aikaciyar jinya tana cewa, "Baba, ba a shiga da keke ɗakin marasa lafiya!" Kawu yana cewa, "Ba keke ba ne, ɗiyata, saƙo ne." Ban san yadda ya shawo kanta ba, na dai ga ya turo shi har gaban gado, ya jingine shi a bango daidai inda idon yaron zai sauka.

Da Bashir ya buɗe ido ya daɗe yana kallon keken. Na sunkuya na ce masa, "Nafisa ce ta ce a kawo maka. Amma ta ce in ka warke za ta ƙwace."

Leɓensa ya motsa. Na kara kunne. Ya ce, "Ba za ta iya ba."

Ita ce cikakkiyar maganar da ya fara yi tun da aka kwantar da shi. Na rushe da kuka. Kawu ya ce wai ƙaiƙayin hatsi ne ya shiga masa ido, ya fita baranda, muna jin yadda yake fyace hanci har daga ciki.

Allah Ya ba Bashir lafiya. Ranar da ƙafarsa ta yi ƙwarin taka feda, ranar aka koma fagen fama. Wannan ya riƙe kai, wannan ta riƙe sirdi, "Nawa ne!" "Ni aka fara ba!" "Ai kin bayar!" "Aro na ba ka!" Kyanwa tana tsakiya tana zagaya ƙafafunsu. Kawu yana zaune a inuwa a kan tabarma, ya miƙe ƙafa, yana tauna goro, fuskar nan fal murna.

Na fito daga kicin kaina kamar zai tsage, na ce, "Haba Kawu, kana zaune kana kallo? Ka raba su mana!"

Ya ce, "In raba su? Dije, wagga hayaniya ita munka roƙa wurin Allah. Koma ki yi tuwonki."

Bara da kaka, bayan an gama shigar da gero, Kawu ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Bai daɗe yana jinya ba. Muka tafi Tsafe gaba ɗayanmu. Bashir ya zama saurayi, har ya fi babansa tsawo, don haka da aka ɗauki gawa ya bi maza zuwa maƙabarta. Nafisa tana cikin gida tare da mu mata. Ko a cikin wannan hali sai da zuciyata ta raya mini cewa yanzu za ta ce don me aka tafi da shi aka bar ta. Ba ta ce ba. Ta tashi daga cikinmu ta je ta tsaya a bakin zaure daga ciki, ta jingina da bango, ba ta zauna ba har maza suka dawo.

Bashir ya shigo ƙafafunsa duk jar ƙasa, idonsa ya kumbura. Ta tare shi. Ina kusa, na ji abin da ta tambaye shi da 'yar ƙaramar murya.

"Wurin da inuwa?"

Ya ce, "Akwai wata bishiyar bedi dab da shi."

Ta gyaɗa kai. Ta je ta ɗebo ruwa a buta, ta ce ya zauna a kan dakali. Ta riƙa zuba masa yana wanke ƙafa.

Allah Ka jiƙan Kawu Ilu. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sanyaya shi. Bai haifa ba, amma ya bar masu yi masa addu'a. Yadda ya gaji da ƙafarsa don ya ga yaro ya yi dariya, Ya Allah Ka faranta masa fiye da haka, Ka sada mu da shi a gidan Aljanna. Amin.